Daga katin zama zuwa ranar rantsuwa: shekara nawa mutum zai ƙiyasta wa kansa?

Duk wanda ya samu izinin zama na dindindin a wata ƙasa, da zarar murna ta lafa, tambayar da ke biyo baya ita ce yaushe zai zama ɗan ƙasa. Amsar da ke yawo a bakin mutane gajeriya ce: a Amurka shekara 5, a Kanada shekara 3, a Birtaniya shekara 1 bayan samun zaman dindindin. Babu ƙarya a waɗannan alƙaluma. Sai dai kowannensu yana nuna ranar da doka za ta fara yarda a karɓi takardar mutum ne, in komai ya tafi daidai. Daga wannan rana zuwa ranar da zai ɗaga hannu ya yi rantsuwa akwai sauran tafiya, kuma kafin a iso ta ɗin ma akwai ramukan da ke cinye watanni, wani sa'in shekaru.

Alƙaluman hukumar USCIS, wadda ke kula da wannan aiki a Amurka, sun isa shaida. A shekarar kasafi ta 2024, mutum 818,500 ne suka zama 'yan ƙasa. In aka jera su daga wanda ya fi saurin samu zuwa wanda ya fi daɗewa, na tsakiyar layi ya yi shekara 7 da rabi da katin zama a aljihu. 'Yan asalin Meziko sun haura shekara 10, 'yan asalin Najeriya kuwa ba su kai 6 ba. Doka ɗaya ce ta hau kansu, fom ɗaya suka cike, ofisoshi ɗaya suka shiga. Ke nan wannan tazara ba daga teburin ma'aikaci ta fito ba. A ganina nan ne yawancin masu lissafi ke kuskure. Hankalinsu duk yana kan jiran ofis, alhali shi ne ƙaramin kaso a cikin lissafin. Babban kaso yana cikin fasfon mutum da yadda ya tafiyar da rayuwarsa.

Abin da za a fara tantancewa shi ne ranar da aka fara ƙirga. A Amurka, ranar tana rubuce a jikin katin zaman da ake kira girin kad, wato ranar da mutum ya zama mazauni na dindindin. Shekarun da ya yi da bizar karatu ko ta aiki ba sa shiga ko ɗaya. Likitan da ya yi shekara 8 yana duba marasa lafiya da bizar aiki, ranar da katinsa ya fito daga sifili zai fara, daidai da wanda ya sauka jiya da bizar caca. Akwai masu rangwame. Ɗan gudun hijirar da aka kawo daga waje, ana mayar da ranarsa baya zuwa ranar da ya shigo ƙasar. Wanda ya nemi mafaka yana ciki aka ba shi, ana mayar da tasa baya da shekara ɗaya daga ranar da aka amince da katin. Katin shekara 2 mai sharaɗi da ake bai wa sababbin ma'aurata shi ma ana ƙirga shekarunsa.

Wasu ƙasashen ba haka suke lissafi ba, shi ya sa kwatanta 3 da 5 kai tsaye ke ɓatar da mutane. Kanada tana ƙirga kowace rana da mutum ya yi a matsayin ɗalibi ko ma'aikacin wucin gadi a matsayin rabin rana, har zuwa kwana 365. Wanda ya yi shekara 2 yana aiki kafin ya samu zaman dindindin, shekara 2 kawai suka rage masa. Ostireliya tana neman shekara 4 na zaman halal, amma wata 12 na ƙarshe ne kawai dole su kasance na dindindin. Jamus tana ƙirga zaman halal gaba ɗaya. Ita kuwa shekara ɗayar nan ta Birtaniya da ke faranta rai, tana zuwa ne bayan shekara 5 da yawancin masu bizar aiki ke yi kafin su samu zaman dindindin, don haka daga sauka zuwa neman zama ɗan ƙasa shekara 6 ne. Sannan akwai ƙasashen da cikar shekaru ba ya tilasta wa hukuma komai. Dokar Saudiyya ta ambaci zaman shekara 10, amma bayarwa ganin dama ce ta gwamnati, don haka a can babu ƙiyasin da za a yi da kalanda.

Bayan ranar farawa sai kwanaki. Shekarun da doka ta faɗa ba shekarun riƙe kati kaɗai ba ne, ana son a ga ƙafar mutum a cikin ƙasar. Amurka tana neman rabin lokacin, wata 30 a cikin shekara 5, wato kwana 913. Kanada tana neman kwana 1,095 a cikin shekara 5 da suka gabaci ranar sa hannu a takardar, kuma hukumarta ta IRCC da kanta tana shawartar mutane su ƙara 'yan kwanaki a kai kafin su miƙa, domin in aka gano wata tafiyar da aka manta, kwana ɗaya ma ya isa ya rushe neman. Birtaniya daga ɗaya ɓangaren take ƙirgawa: kada kwanakin da mutum ya yi a waje su wuce 450 a shekara 5, kada kuma su wuce 90 a wata 12 na ƙarshe. Tana da wani sharaɗi da ke kama mutane ba zato, cewa lallai ne mutum ya kasance a cikin ƙasar a daidai ranar da ta cika shekara 5 baya daga ranar da aka karɓi takardarsa. Wanda ya tura ranar 20 ga Disamba, alhali shekara 5 da suka wuce a wannan rana yana hutu a waje, ya saɓa wa sharaɗin, ko da sauran lissafinsa duk ya cika. Maganin kuwa sauƙi gare shi, ya duba hatiman fasfo ya jinkirta mako biyu.

Inda na ga lissafi ya fi rushewa shi ne sharaɗin da dokar Amurka ta ware daban da ƙirgar kwanaki, wato ɗorewar zama. Mutum zai iya cika kwana 913 har da rara, amma tafiya guda ɗaya mai tsawo ta ɓata masa komai. In tafiyar ta wuce wata 6 amma ba ta kai shekara ba, hukuma za ta ɗauka zaman ya yanke, sai dai in mai nema ya kawo hujjar cewa bai tashi ba: bai bar aikinsa ba, iyalinsa suna nan, yana biyan hayar gidansa, bai kama aiki a can ba. In kuwa ta kai shekara guda cif, babu sauran jayayya. Zaman kamar igiya yake, in ta tsinke a nan ba a ƙulla ta, sabuwa ake tufkawa.

A ɗauki misalin wata mata da katinta ya nuna 1 ga Yunin 2021. A lissafin farko, shekarunta 5 za su cika 1 ga Yunin 2026. A Janairun 2023 mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya, ta tafi jinya da niyyar wata uku. Ciwo ya ja, aka yi rasuwa, aka shiga rabon gado, ba ta dawo ba sai 10 ga Fabrairun 2024. Ta yi dabara tun kafin ta tafi ta nemi izinin sake shigowa, don haka katinta bai salwanta ba. Amma wannan izinin kati kawai yake karewa, ba ya kare lissafin zama 'yar ƙasa, kuma mutane da yawa ba su san da wannan bambanci ba sai a ɗakin intabiyu. Yanzu mafi kusa da za ta iya nema shi ne bayan shekara 4 da kwana ɗaya da dawowarta, 11 ga Fabrairun 2028. Ko a nan ma akwai sauran magana, domin har yanzu akwai fiye da wata 6 na rashinta a cikin shekaru biyar ɗin da za a duba, sai ta kawo hujja. In tana son ta shiga ba tare da wannan tuhuma ba, sai ta jira shekara 4 da wata 6, wato Agustan 2028. Jinyar uwa ba laifi ba ce, kuma babu mai hankalin da zai ce kada ta je. Abin takaicin shi ne da ta san inda layin yake, wataƙila da ta raba jinyar da 'yan'uwanta, ta dawo kafin wata na shida ta sake komawa. Ko hakan ma ba a mayar da shi al'ada, don wanda ke leƙowa mako biyu ya koma wata biyar, shekara da shekaru, za a tambaye shi ko da gaske a Amurka yake zaune.

Akwai fom na musamman, N-470, da ke kiyaye ɗorewar zama ga wanda aiki ya kai shi waje, amma na wasu rukunin mutane ne kawai, irin su ma'aikatan gwamnatin Amurka da na wasu kamfanoninta da masu aikin addini, kuma yawanci sai wanda ya riga ya yi shekara guda cur a cikin ƙasar bayan samun katin.

Dokar Amurka ta yarda a miƙa fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, kwana 90 kafin cikar shekarun. Kwana 90 aka ce, ba wata uku ba. Da matar nan ba ta yi tafiya ba, ranarta ta farko ita ce 3 ga Maris ɗin 2026. In ta ƙirga wata uku ta tura ranar 1 ga Maris, ta riga lokaci da kwana biyu, kuma hakan kaɗai ya isa a ƙi neman, a sake sabon fom da sabon kuɗi. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne: tun Afrilun 2024, dala 760 ne a takarda, dala 710 ta intanet. Haka nan dole mutum ya yi wata 3 a jihar ko yankin ofishin da zai nema, don haka wanda ya yi ƙaura dab da lokaci ya ƙara wa kansa jira.

Hanyar aure ta fi gajarta, shekara 3 da wata 18 na kasancewa a ƙasa, amma sharuɗɗanta a sarƙe suke. Dole abokin auren ya kasance ɗan ƙasa a duk tsawon shekarun ukun, kuma suna zaune tare. In miji ya zama ɗan ƙasa bara, matarsa da ta yi shekara 3 da kati ba ta cancanta ba tukuna. Sannan auren dole ya kai har ranar rantsuwa. In saki ya shiga tsakani, ko mutuwa, lissafi ya koma shekara 5.

Sai mu zo kan jiran ofis. Adadin watannin da USCIS ke nunawa a shafinta ba alkawari ba ne, kuma ba na tsakiyar layi ba ne. Lokacin da aka ɗauka ne kafin a kammala kashi 80 cikin 100 na takardun da aka gama a wata 6 da suka wuce. Ma'ana yawancin mutane za su samu kafin wannan lokaci, ɗaya cikin biyar kuma zai wuce shi. Kuma adadin baya yake kallo, yana ba da labarin waɗanda suka riga suka fita daga layi, bai san abin da zai faru da wanda ya shiga yau ba. Ana kuma lissafa shi ofis-ofis, kuma adireshin mutum ne ke zaɓa masa ofis, shi ya sa abokai biyu za su tura rana ɗaya daga birane biyu, ɗaya ya yi rantsuwa ɗayan ko ranar intabiyu bai gani ba. Labarin abokin da ya ce nasa wata uku kacal ya ɗauka gaskiya ne, amma labarin ofishinsa ne a watan da ya nema, kuma waɗanda nasu ya maƙale ba su cika ba da labari ba.

Wannan jira yana hawa yana sauka ƙwarai. Lokacin annobar korona, USCIS ta rufe ofisoshinta daga 18 ga Maris zuwa farkon Yunin 2020, takardu suka taru, har jiran na tsakiyar layi ya kusa shekara guda a 2021. Zuwa 2024 ya sauko wajen wata 5. A Kanada ma'aunin da hukuma ta ɗora wa kanta wata 12 ne, amma bayan annobar jiran ya haura shekara 2 kafin a shawo kansa. Birtaniya takan yanke hukunci cikin wata 6, sannan ta ba mutum wata 3 ya halarci bikin rantsuwa bayan gayyata. A Jamus ofisoshin ƙananan hukumomi ne ke aikin, kuma a manyan birane jiran da ya haura shekara ba abin mamaki ba ne.

A cikin jiran akwai matakai, kowanne da inda zai iya tsayawa: ɗaukar zanen yatsu, binciken tsaro, intabiyu, hukunci, rantsuwa. Wanda ya faɗi jarrabawar Turanci ko ta sanin ƙasa a Amurka ana ba shi dama ta biyu tsakanin kwana 60 zuwa 90. In ma'aikaci ya nemi ƙarin takarda, wasu makonni ne suka tafi. Bayan intabiyu hukuma na da kwana 120 ta yanke hukunci, in ta wuce haka mai nema na da ikon kai maganar kotun tarayya. Ko an amince ma, mutum bai zama ɗan ƙasa ba sai ya yi rantsuwa. Wasu ofisoshin a ranar intabiyun suke rantsarwa, wasu sai an jira zaman kotu, musamman ga wanda ya nemi a sauya masa suna. Kafin wannan rana duk sharuɗɗan suna nan daram, doguwar tafiya ko kamun 'yan sanda a tsakani na iya mayar da hannun agogo baya.

Batun halin kirki ma yana da nasa lissafin lokaci. Hukuma tana duba shekarun nan 5 ko 3, kuma tana da ikon leƙawa bayansu. Harajin da ba a biya ba, kuɗin ciyar da 'ya'ya da aka yi watsi da shi, hukuncin kotu da ba a gama cikawa ba, duk suna iya sa lauya ya ce a dakata tukuna. Namijin da ya zauna a Amurka tsakanin shekara 18 zuwa 26 bai yi rajistar shirin ɗaukar soja ba, sau da yawa shawarar da ake ba shi ita ce ya jira ya kai shekara 31, lokacin da kuskuren zai fita daga cikin shekarun da ake dubawa. Wanda kuma ya cike takardar haraji a matsayin ba mazauni ba don ya rage biya, ya ba hukuma hujja da hannunsa cewa ya tashi.

Dokar kanta ba a tsaye take ba, kuma wanda ke ƙiyasin shekara biyar yana ƙiyasi ne a kan zaɓe ɗaya ko biyu. Kanada ta ɗaga sharaɗin zuwa shekara 4 cikin 6 a 2015, ta kuma daina ƙirga zaman wucin gadi, sannan a Oktoban 2017 sabuwar gwamnati ta mayar da shi 3 cikin 5. Jamus ta rage shekara 8 zuwa 5 a ranar 27 ga Yunin 2024, ta buɗe hanyar gaggawa ta shekara 3, kafin 2025 ta ƙare kuma ta soke ta gaggawar. A Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fito da shirin ɗaga jiran zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10. Amurka ta sauya jarrabawar sanin ƙasa ga waɗanda suka miƙa daga 20 ga Oktoban 2025: tambaya 128 za a karanta maimakon 100, a tambayi har 20, a ci 12. Saboda irin wannan ne nake ganin wanda ya cancanta yau, kuma ya riga ya yanke shawarar yana so, bai kamata ya ajiye fom ɗin a aljihun tebur ba.

Amma dai ba kowane jinkiri ne sakaci ba. Ɗan Indiya ko Sin ko Japan ya san in ya karɓi wata ƙasa ya saki tasa, domin ƙasashen nan ba su yarda da riƙe biyu ba, kuma wannan shawara ce da mutum ke iya shekaru yana juya ta, don ta shafi gado da fili da makwancinsa na ƙarshe. Dattijon da Turanci ya ƙi shiga kansa yakan jira rangwamen dokar Amurka: mai shekara 50 da ya yi 20 da kati, ko mai 55 da ya yi 15, ana yafe masa jarrabawar Turanci, ya amsa ta sanin ƙasa da harshensa. Wani kuɗin ne ba shi da shi, bai kuma san akwai ragi da yafiya ga masu ƙaramin ƙarfi ba. Wani tsoro ne kawai, kada a buɗe tsohon fayil a ga wani abu. Irin waɗannan dalilai ne ke mayar da shekara 5 ta koma 10.

In wani ya ce in ƙiyasta masa, ba zan ba shi rana ɗaya ba. Zan ce ya kawo katin da duk fasfunansa, tsofaffi da sababbi, mu rubuta kowace fita da shiga, mu ga ko akwai wadda ta haura kwana 180, mu cire ranar farko da doka ta yarda ya miƙa. A kan wannan rana sai mu ɗora jiran ofishinsa sau biyu, sau ɗaya da gajeren adadi, sau ɗaya da dogon, mu ƙara wata biyu ko uku don jarrabawa ta biyu ko jiran rantsuwa. Ga mai katin Amurka da bai yi doguwar tafiya ba, fayil ɗinsa kuma babu tabo, abin da zai fito yawanci tsakanin shekara 5 da 'yan watanni ne zuwa 6 da ɗan wani abu. Gefen dogon shi ne wanda za a yi shiri da shi, kada a sayi tikiti ko a karɓi aikin da sai ɗan ƙasa bisa gajeren.

Inda 'yan watannin nan suka fi nauyi shi ne gidan da ke da yaro mai tasowa. A ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a Fabrairun 2001, yaron da ke da girin kad, yana zaune a Amurka a hannun mahaifinsa ko mahaifiyarsa, yana zama ɗan ƙasa kai tsaye a ranar da ɗayansu ya yi rantsuwa, muddin bai cika shekara 18 ba. Ba ranar miƙa fom ake dubawa ba, ba kuma ranar intabiyu ba. Uban da ɗansa ke da shekara 17 da wata 4, in ya cancanta yau, wata 8 gare shi. In rantsuwar ta zo mako ɗaya bayan yaron ya cika 18, sai yaron ya cike nasa fom, ya biya nasa kuɗi, ya zauna tasa jarrabawar, kuma in shekarun katinsa ba su kai 5 ba, ya jira su cika.